Tsani da Tauraruwar Rana Tsaka

Tsani ake ce masa, kuma sunan ya kama shi ta ko'ina. Dogo ne har sai ya sunkuya kafin ya shiga ƙofar yawancin gidajen da yake yi wa aiki, ga shi kuma ba ka ganinsa a hanya sai da tsanin ƙarfe ɗaure a gefen babur, yana tafe a hankali kamar wanda ya ɗauko ƙwai. Sana'arsa ɗaura eriya da dishin talabijin. In iska ta karkatar maka da faranti tashoshi suka ɓace, duk wanda ka tambaya a unguwar zai ce maka, "Nemi Tsani."

A garejin gyaran mota ya tashi. Ubansa bakanike ne mai zafin hannu, irin wanda in noti ya ƙi kwancewa, na kusa da shi ne zai ji a jikinsa. Abin da ke hannunsa da shi yake duka, sifana ce, bel ɗin fanka ne, ko wayar birki. Wata rana, Tsani yana ƙarami, aka aike shi ɗauko sifana ya kawo wadda ba ita ba. Uban ya ɗauke shi da mari a kunnen hagu har ya faɗa kan wata tsohuwar taya. Kunnen ya yi ta zubar da ruwa, da ya tashi bushewa kuma sai ya bushe da jinsa gaba ɗaya. Shi ya sa har ya girma, in kana yi masa magana sai ya karkato kai ya ba ka na dama.

A gida ma haka ake fama. In uban ya dawo da yamma ya fara jifa da kwanuka, uwar takan kwashe 'ya'yanta biyu, Tsani da ƙanensa, ta kai su bayan gida kan wani tulin bulo, ta ce su kalli sama. Ba wani sani gare ta ba, so take kawai su daina sauraren abin da ke faruwa a ciki. Takan nuna musu jinjirin wata da tauraruwar nan mai haske da ke tsayawa kusa da shi.

"Ga Zara can, matar wata," in ji ta, leɓenta a kumbure. "Ita ke riga kowa fitowa."

Ƙanen, wanda ake kira Gajere, shi ya gaji zuciyar uban kaf. Tsani kuwa ya tashi yana ƙyamar duka kamar yadda wasu ke ƙyamar maciji. Da ya yi ƙarfi ya bar garejin, ya bi masu fenti, daga nan ya koyi aikin eriya, ya ga abin ya dace da shi. A saman rufi ba mai yi maka tsawa, daga kai sai iska sai tsuntsaye. Ya auri wata tela mai ɗan shago a bakin layinsu, mace mai baki da barkwanci, wadda ke cewa ta aure shi ne don ta huta da hawa kujera in za a canja ƙwan lantarki. Suka haifi 'ya'ya mata biyu. Duk girman hannunsa, ko rankwashi bai taɓa yi wa ɗayarsu ba.

Wata rana wani mai aski da ke da shago a ƙasan wani bene, daf da tashar mota, ya kira shi gyaran dishi, don masu jiran aski sun fara guje masa saboda ba kallon ƙwallo. Tsani ya hau saman benen, rana ta kusa tsakiya. Ya sassauta notuna, yana juya farantin kaɗan-kaɗan, yana ƙwala wa mai aski kira.

"Ya kawo?"

"Bai kawo ba!"

"Yanzu fa?"

"Ya leƙo ya koma!"

Rana na dukan idonsa, sai ya matsa inuwar tankin ruwa, ya ɗaga kai don ya duba inda bakin farantin ya dosa. Sama ta yi fes, ba ko ɓurɓushin gajimare. Can ya hango wata, siriri, fari-fari kamar yankan farce. A gefensa kuma, ɗan ƙasa kaɗan, ga wani ɗigon haske kamar kan allura. Ya ɗauka jirgi ne, ya jira ya ga ya motsa. Bai motsa ba. Ya murza ido ya kau da kai, da ya sake dubawa sai da ya sha wuya kafin ya gano shi, amma yana nan inda ya bar shi. Tsigar jikinsa ta tashi. Zara ce, da rana tsaka.

Ya daɗe a sana'ar kallon sama, bai taɓa ganin haka ba, bai ma taɓa jin wanda ya ce ya gani ba. Ya bar sifana a kan rufin, ya sauko yana dariya shi kaɗai.

"Maigida, zo ka ga wani abu."

Mai aski ya fito da almakashi a hannu. Tsani ya tsayar da shi inda ginin ya kare rana, ya dafa kafaɗarsa ya nuna. "Ka ga wata? To bi ƙasan ƙahonsa, kamar faɗin yatsa biyu. Kada ka yi sauri, bar idonka ya zauna."

Mai aski ya yi ta ƙyafta ido, baki buɗe. Can ya daka tsalle. "Kai! Wallahi ga shi! Tauraro da rana! Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah!"

Bakin tasha ba ya rasa mutane. Kan ka ce me, masu jiran aski sun fito, ɗaya da rabin kai a aske. Masu babur suka tsaya, masu dako suka ajiye kaya, fasinjoji suka sauko daga motocin da ba su cika ba. Kowa ya ɗaga kai, hannu a goshi. Wannan ya ce ya gani, wancan ya ce ƙarya ne, ido ne ke yi musu gizo. Wani ya ce balan-balan ce. Wani mai tabarau ya rantse na'urar leƙen asiri ce, hoton kowa take ɗauka. Tsani yana tsakiya, ya fi kowa tsawo, yana bi ɗaya bayan ɗaya yana daidaita musu kai kamar yadda yake daidaita faranti. Har wani ƙaton direban babbar mota, dattijo mai furfura a gemu, ya leƙo ta taga ya ce, "Dogo, ina abin yake?" Tsani ya nuna masa. Direban ya ƙura ido har ya hango, sannan ya girgiza kai ya ce, "Allah mai iko."

Ana cikin haka wata 'yar kasuwa ta ƙwalla ƙara. An tsaga mata jaka da reza, an kwashe abin da ke ciki. Kafin a gama juyowa wani ya shafa aljihu ya ce wayarsa ta tafi. Wani ma haka. Masu yankan aljihu sun sami taron da kowa ya ba sama ido, sun yi aikinsu sun sulale.

"Wa ya tara mu a nan?"

"Wancan dogon ne ya ce mu kalli sama!"

"Tare suke! Shi ke ɗauke hankali, su suna sata!"

Duk wannan ta gefen hagunsa aka yi shi. Tsani bai ji komai ba. Hannunsa na sama, yana murmushi, yana ce wa wani tsoho, "Baba, ɗan ƙara yin ƙasa." Waɗanda suka ga murmushin suka ɗauka raini ne.

Dukan farko a ƙeya ya same shi. Ya juyo yana tambayar lafiya, aka naushe shi a baki. Wani ya kwashe ƙafafunsa ta baya, ya zube kamar icen da aka sare. Daga nan bai sake sanin hannun wa ko ƙafar wa ba. Takalma, bel, gora, guntun bulo, duk suka yi ta sauka. Ya ji haƙarƙarinsa ya ba da sauti. Ya ɗaga hannu ya kare kai, aka maka wa hannun ƙarfe, ya ji ya saki. Yana ta faɗin, "Ku tambayi mai aski, aiki na zo yi!" amma bakinsa cike da jini, maganar ba ta fita. Ta tsakanin ƙafafun mutane ya hango mai aski ya ja ƙofar shagonsa ta ƙarfe ya rufe daga ciki.

'Yar kasuwar da aka yi wa sata ta kutso tana ihu, "Ni ban ce shi ba ne! Ku tsaya!" Aka ture ta ta faɗa kwata.

Wani ɗan kamashon tashar, mai jar hula da giɓi a baki, ya ratso da guntun katako mai ƙusa a jiki. "Ku ba ni wuri! Ba da ido yake cin abinci ba?" Tsani ya ga fuskarsa sarai, ya ga katakon ya yi sama. Wannan ne abu na ƙarshe da idonsa na dama ya gani.

Aka gangaro da taya aka rataya masa a wuya. Wani ya sheƙa ya dawo da galan ɗin fetur, aka tuttula masa, ya ji sanyinsa yana bin ƙirjinsa yana shiga raunukan kamar barkono. Ana ta kiran, "Ashana! Wa ke da ashana?"

Sai ƙahon babbar mota ya cika wurin. Dattijon direban nan ne ya taso da motarsa kan taron, bai taka birki ba sai da mutane suka watse suna faɗawa kan juna. Ya diro da ƙarfen jak a hannu. Wani saurayi da ya riga ya zaro ashana, direban ya sauke masa ƙarfen a tsintsiyar hannu, akwatin ashanar ya yi gefe, saurayin ya durƙushe yana kururuwa.

"Duk wanda ya matso sai na fasa masa kai!" in ji direban. "Ni na ga tauraron da idona! Mutum ya nuna muku abin mamaki, ku ƙone shi? Wa ya ga wayar a hannunsa? Wa ya caje shi?"

Wani ya jefo dutse ya fasa masa gilashin mota, amma ba wanda ya matso. Direban da 'yar kasuwar, zaninta sharkaf da ruwan kwata, suka cire tayar, suka ɗaga Tsani suka saka a gaban motar.

Matarsa ta iso asibiti da tef ɗin awo rataye a wuya, takalmi ƙafa ɗaya. Ta wuce gadonsa ba ta gane shi ba, sai da ta ga ƙafafun da suka zarce ƙarshen gadon sannan ta dawo ta zube a ƙasa. Likita ya ce haƙarƙari zai haɗe, hannu ma zai haɗe, amma idon sai dai haƙuri.

Gajere ya zo asibiti ya ga yayansa. Washegari da safe ya shiga shagon askin da ƙarfe, ya farfasa madubai da talabijin, ya kama mai aski ya dirza masa fuska a cikin gilasan. Sai da aka taru aka ɓamɓare shi. 'Yan sanda suka tafi da shi, ya yi zaman kaso mai tsawo. Da aka gaya wa Tsani sai ya juya fuska bango ya ce, "Wa ya aike shi?"

Wata nas da ke wanke masa ciwo ce ta gaya masa cewa ta ji an yi maganar abin a rediyo. An ce ba tauraruwa ba ce ma, wata duniya ce mai zagaya rana kamar tamu, kuma in ta yi haske sosai, mai kaifin ido kan gan ta da rana in ya san inda zai duba. Daga baya ya ji labarin cewa a tashar har gardama ake, kowa na cewa shi ya fara hango ta.

Da ya warke ya ɗaura tsaninsa a babur ya koma aiki. Ranar farko ya miƙa hannu zai kama bakin rufi ya kama iska, ya zamo ya bugu da bango. Mai ido ɗaya ba ya gane nisa da kusa, haka likita ya faɗa masa tun farko, shi ne bai yarda ba. Ya sake gwadawa a wani gida, ƙafarsa ta kuskure matakala. Matar ta ce, "Maigida, na yi jinya ɗaya, ba zan yi ta biyu ba." Ta sa aka kafa masa tebur a gaban shagonta, ya zauna yana gyaran rimot da risiba, sanye da baƙin tabarau.

Amma mutumin da ya zauna a teburin ba shi ne wanda ya hau benen ba. In mutane suka taru a bakin layi sai gumi ya karyo masa. In ya ji warin fetur sai ya tashi ya shige ciki. Ya daina dariyar barkwancin matarsa. Ran nan ƙaramar 'yarsa ta saki kofi ya fashe, ya daka mata tsawar da ta sa ta fitsari a tsaye.

Babbar 'yar ta sami gurbin karatu a wani gari. Ranar tafiya uwar na da ɗinkin da za a karɓa, dole shi ya raka ta, kuma motar garin a tashar nan take lodi. Tun daga bakin ƙofa 'yan kamasho suka yo kansu. Ɗaya ya fizge jakar yarinyar yana cewa, "'Yan mata, ina zuwa? Ga mota saura mutum ɗaya! Baba, biyo ni!"

Jar hula ce, da giɓi. Bai ma gane Tsani ba.

Tsani ya cire tabarau. "Ka san ni?"

Ɗan kamashon ya kalli ramin idon, murmushinsa ya tsaya. Ya buɗe baki zai yi magana, Tsani ya dunƙule hannu ya sauke masa a muƙamuƙi. Ƙarar ta fita kamar an karya busasshen reshe. Mutumin ya yi baya ya bugu da jikin mota ya sulale. Tsani ya bi shi, ya shaƙe masa wuyan riga ya ɗaga shi, ya ƙara masa, ya sake ƙarawa. Haƙora suka zubo kan siminti. 'Yarsa na riƙe da rigarsa tana kuka, "Baba! Baba, ka bari!" amma ta gefen hagu take.

Mutane suka taru.

"Me ya yi?"

"Jaka ya fizge!"

"Ɓarawo ne!"

Wani da ko sanin farkon maganar bai yi ba ya kai wa ɗan kamashon shuri a ciki. Wani ya zaro bel. Wani ya ruga neman abin duka. Tsani ya ɗaga kai ya ga ƙafafu sun kewaye su, ya ga fuskokin, ya gane su ko da bai san ko ɗaya ba. Hannunsa ya saki. Sai ya faɗa kan mutumin ya rufe shi da jikinsa.

"Ba ɓarawo ba ne! Tsakanina da shi ne! Ku bar shi!"

Bel ɗin ya sauka a bayansa, shuri ya same shi a haƙarƙarin da ya haɗe, bai ɗaga ba. Ya yi ta maimaita maganar da muryar da bai san yana da ita ba, har shugaban tashar ya iso da mutanensa suka kore taron. Tsani da kansa ya ɗauki ɗan kamashon, jini na bin gaban rigarsa, ya sa shi a tasi. Mutumin yana kallonsa da ido a zazzare, baki a karkace, ba halin magana.

An kai maganar gaban 'yan sanda. Shugaban tasha ya san abin da ya faru a baya, ya kuma san in aka tono shi mutanensa da yawa za su shiga ciki, don haka aka kashe wutar a tsakani. Ɗan kamashon ya daɗe da waya a muƙamuƙi yana shan abinci ta tsinke. Har yau shi da Tsani ba su taɓa yin magana ba.

Ranar dai yarinyar ba ta yi tafiya ba. Suka dawo gida tana tafe nesa da shi, jakarta a ka. Matar ta dube su, ta dubi rigarsa, ta kashe keken ɗinki. Ta dafa ruwa ta zuba gishiri, ta kama hannunsa ta tsoma. Haƙorin mutumin ya tsaga masa bayan yatsu har fari ya fito.

"Ka huce?" ta ce.

"A'a."

"To me ka ji?"

Ya daɗe yana kallon ruwan yana yin ja. "Daɗi na ji," ya ce. "Na farkon, daɗi na ji. Shi ne abin da ya tsorata ni."

Ta yago ƙyalle daga ragowar yadi mai furanni ta naɗe masa hannun. "Ba ni da wani sai wannan," ta ce. "Gobe ka zauna a tebur kamar amarya."

Washegari uwar ce ta raka yarinyar, ta wata tashar. Da yamma waya ta yi ƙara, yarinyar ta ce ta sauka lafiya, ɗakin nasu su huɗu ne, famfon ba ya kawo ruwa sai da safe. Suka gama magana da uwar. Tsani yana bakin teburinsa, ya sunkuyar da kai kan wani rimot da ya riga ya gama gyarawa.

Matar ta miƙo masa wayar. "Ungo. Ta ce a ba ta babanta."

Ya karɓa da hannun da ba ƙyalle. Muryar 'yar ta fito ƙasa-ƙasa.

"Baba, ya hannun?"

"Da sauƙi, uwata," ya ce. "Kin ci abinci?"